Kason Karnukan Don Lisandro

Laifin da za ku ji hukuncinsa yau ba sata ba ce, ba zalunci ba ne, ba ma gardama ba ce. Sunansa "to, na ji." Shi ne a zo har gida a gaya wa mutum gaskiya, ya gyaɗa kai, ya ba mai maganar kujera kusa da murhu, ya raka shi bakin shinge da fara'a, sannan ya dawo ya ci gaba da abin da yake yi kamar ba a yi maganar ba. Mai gardama da sauƙi, ka san inda ya tsaya. Mai "to, na ji" kuwa, ba ka gane shi sai ranar da aka kira sunan wani nasa a asibiti.

Don Lisandro Cadagán (Don lakabin girmama namiji ne a wurinmu, na mace kuma Doña) makiyayin tumaki ne a ƙarshen kwarinmu, nan ƙasar Aysén ta kudancin Chile, can bayan kogi inda hanyar mota take ƙarewa ta bar wa doki sauran. Kada wani ya ce na ce mugun mutum ne. Bai taɓa ɗaga wa matarsa hannu ba, baƙo bai taɓa barin gidansa da yunwa ba. Abin da ya ci shi, kirki ne wanda ya ƙi jin magana.

Ga yadda yake yi. Duk ranar da gida ya buƙaci nama sai ya kama rago, ya yanka a bayan rumfar aski, ya rataye a jikin itace ya feɗe. Karnukansa huɗu su zauna a jere, ba mai motsi, sai yawu. Ya ciro hanta ya juya ta a tafin hannu. In lafiyayya ce, ta kicin ce, a soya da albasa. In kuwa ya ga farare-fararen ƙuraje masu ruwa a jikinta, waɗanda muke kira jakar ruwa, sai ya ce wannan ba cimar mutum ba ce. Ya yayyanka ta tare da huhu, da ɗuminta, ya jefa wa karnuka, kowa da sunansa: Corbata tsohon cikinsu, sai Tordo, sai Chispa, sai Pampa. Haka ubansa ya yi, haka rabin kwarin nan suka yi. Yakan ce kare ne ya hau dutse cikin dusar ƙanƙara ya tattaro garken, saboda haka yana da kaso a jikin kowace tunkiya, wanda ya hana shi kuwa ɓarawo ne.

Rubén, malamin ƙaramin asibitin ƙauye, ya sha zuwa da ƙwayoyin tsutsa na karnuka. Saurayi ne mai haƙuri. Ya zauna, Doña Ermelinda matar gidan ta miƙa masa mate, ganyen nan da muke jiƙawa a ƙoƙo mu zuƙa da tsinken ƙarfe, ya fara bayani.

"Don Lisandro, jakar ruwan nan cike take da 'ya'yan tsila. Kare ya ci, su girma a hanjinsa, ƙwansu ya fita a kashinsa. Ido ba ya ganin ƙwan. Yana jikin gashin kare, yana harshensa, yana kan latas ɗin lambu. Mutum ya haɗiya, ya je hantarsa ya gina tasa jakar."

"Ai ni ban taɓa ba mutum hanta mai ruwa ba, ɗana."

"Na sani. Ba daga hantar mutum yake ɗauka ba, daga karen ne."

"Dubi Tordo. Ka ga alamar ciwo a jikinsa? Ya fi ka ƙiba."

"Kare ba ya nuna komai. Ka haƙa rami mai zurfi da murfi ka riƙa zuba kayan cikin, ko ka dafa su sosai kafin ka ba su. Ga ƙwayoyi kuma."

"To, na ji."

Ƙwayoyin suka hau kan katako bayan gwangwanin sukari suka zauna. A ganin Don Lisandro, ƙwaya tana kashe wa kare hanci, dafaffen nama kuma abincin karen birni ne mai sa riga.

Ita Ermelinda gajeriya ce mai yawan dariya, bakinta ba ya hutawa. Tun da 'yarsu ɗaya tilo, Nolfa, ta tafi birni ta yi aure, sai ta juye renonta kan 'yan kwikwiyo. A kwando take kwantar da su bayan murhu, ta ba su madara da yatsa, su lashe mata hannu da haɓa tana ce musu marasa kunya. In iska ta tashi, manyan karnukan su shige lambunta su kwanta tsakanin latas da kabeji, ta kore su da tsintsiya, ba da gaske ba. Sau ɗaya ko biyu ta ce, "Tsoho, ka haƙa ramin nan mana, yaron nan ya gaji da zuwa." Ya ce to. Ta ƙyale shi, don ta san irin wannan to ɗin.

Ciwon bai zo da ihu ba. Shekara da shekaru tana jin nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama, ta ce kitse ne ya yi mata yawa, ta dafa ganyen boldo ta sha ta ci gaba da aiki. Sai wata safiya a lokacin askin tumaki, ta miƙo masa mate, hasken taga ya faɗa a fuskarta.

"Tsohuwa, juyo nan."

"Me kuma? Bayan duk shekarun nan yau ka tuna ina da fuska?"

"Idonki ya yi rawaya. Kamar kitsen tsohuwar tunkiya."

"Na gode da yabo. Wasu mazan fure suke kwatanta matansu da shi."

Bai yi dariya ba. Ya kama hannunta ya ji zafi kamar ƙarfen murhu, ya ga duk ta yakushe damatsanta da susa. Da ya matsa mata, ta faɗa masa: kwana da kwanaki fitsarinta kamar baƙin shayi, ciwon yana sokarta har kafaɗa, sanyi yana kaɗa ta har haƙora suna haɗuwa. Ta ɓoye ne don kada a tsayar da aski.

Ya bar tunkiya rabi a aske, ya hau doki ya je wurin maƙwabcinsa Abdón mai mota, wanda ya tsaya wa Nolfa a baftisma, shi ya sa suke kiran juna compadre. Suka shimfiɗa fatun tumaki a mota, suka ƙetare kogi a jirgin fito. Rubén ya ɗaga fatar idonta sau ɗaya, bai ce wa Don Lisandro komai ba, ya kira motar asibiti. Da ya yi masa faɗa da ya fi sauƙi.

A babban asibitin birni mai gadi ya karɓe wuƙar da ke soke a bayan ɗamararsa, ya ce nan ba a yanka rago. Don Lisandro ya tsaya a baranda riƙe da hula, yana warin ulu da hayaƙi, bai san inda zai ajiye hannuwansa ba. Nolfa ta iso da rigar aikinta, ta sumbaci uwarta, ta dubi ubanta ta ce, "Baba, ka ci abinci?" Ya ce ya ci. Ƙarya yake yi.

Likitar mace ce, Likita Ulloa, siririya mai gajeren gashi, ba ta kai Nolfa shekaru ba. Ta juyo musu da allon na'ura ta nuna wani baƙin da'ira a cikin toka-toka.

"Wannan hantar Doña Ermelinda ce. Wannan kuma jaka ce, ta kai girman kan jariri. Ta daɗe tana girma. Yanzu ta fashe ta gefe, tana zubar da tarkacenta cikin hanyar da ruwan maɗaciya yake bi ya sauka hanji. Hanyar ta toshe, ruwan ya koma cikin jini, shi ne shawarar da zazzaɓin. Toshewar ce mai gaggawa."

"Yanka ta za ku yi?" in ji Don Lisandro.

"Yau ba yanka. Za mu sa ta barci, mu zura dogon tiyo mai fitila da ido a kansa ta bakinta, ya bi ta ciki har ƙofar da maɗaciya take zubowa. Mu ɗan tsaga ƙofar, mu share hanyar, mu bar 'yar roba a ciki don kada ta sake rufewa."

"Ta baki? Har hanta?"

"Har ƙofarta."

Ermelinda ta buɗe rawayen idanunta. "Ka gani, tsoho? Kullum kana cewa bakina ya yi girma. Yau ya yi rana."

Aka tura ta a gado mai taya. Ya bi su har ƙofar da ba a wucewa, ya tsaya nan kamar doki a bakin shinge. Da aka fito da ita ba ko ɗigon jini a jikinta, sai maƙogwaro da ya dushe. Ya ɗaga bargon ya duba cikinta da kansa, bai ga ɗinki ba, ya girgiza kai. Kafin mako ya zagayo zazzaɓi ya sauka, susa ta tsaya, farin idonta ya fara dawowa. Ta nemi miya, ta ce ba gishiri, ta ce mai dafa abincin asibitin nan ba ta taɓa son kowa ba a rayuwarta.

"Shi ke nan, likita," in ji Don Lisandro. "Allah ya saka. Sai mu kama hanya, aski yana jira."

"Rariya muka share, Don Lisandro. Tulun da ke zubo da dattin yana nan. Za ta sha ƙwayoyi na 'yan makonni a gidan 'yarku don abin da ke ciki ya raunana, sannan mu buɗe mu cire." Ta ja kujera ta zauna. "Ina da tambaya, ba don in kama mai laifi ba. Kuna da karnuka?"

"Huɗu."

"Ana ba su ɗanyen kayan ciki?"

Don Lisandro yana murza hularsa. Kafin ya buɗe baki Ermelinda ta riga shi.

"Ni ce, likita. Ni nake jefa musu in ya juya baya. Ba na iya ganin suna kallona."

"Mama!" in ji Nolfa.

"Ke rufe min baki. Kina can birni, me kika sani?"

"Na san wanda na taso ina gani yana kiran karnuka yana jefa musu..."

"Nolfa. Ubanki ne."

Likita ta dubi tsohuwar, ta dubi tsohon, ta ce ko wane ne dai a daina daga yau, a ba karnukan magani, a kuma zo da duk wanda ya zauna a gidan a yi masa hoto. Don Lisandro ya ce, "To, na ji."

Ku saurara da kyau, nan ne wurin da nake jin haushinsa. An yi masa hoto, hantarsa tas, ta Nolfa ma tas. Ya koma gida ya ƙarasa aski. Masu aski suna buƙatar nama, ya yanka musu tsohuwar tunkiya, hantar ta fito da jakar ruwa uku. Karnuka suna zaune a jere. Ya tsaya da ita a hannu, ya ce a ransa: ni da na fi kowa taɓa karnukan nan ba ni da komai, to ta yaya za a ce su ne? Wataƙila ruwan rijiya ne. Wataƙila gado ne daga uwarta. Likita yarinya ce, abin da aka karanta mata take faɗa. Corbata ya ɗan yi kuka ƙasa-ƙasa, ya buga wutsiya. Don Lisandro ya yanka ya jefa masa. Matarsa tana birni tana haɗiyar ƙwaya mai tayar da zuciya, ta ɗauki laifinsa ta aza a kanta a gaban 'yarsu, shi kuwa yana nan yana rabon kaso.

Ranar tiyata ya zo da wankakkiyar riga. Ermelinda tana kwance an sa mata hular leda, ta ƙanƙance a cikin gadon.

"Ka ba kajina hatsi?"

"Na ba su."

"Latas fa? Ka rufe ƙofar lambu?"

"Na rufe."

"Ƙarya kake yi, kunnenka ya yi ja." Ta kama yatsansa. "Tsoho, in ban farka ba, kada ka auri gwauruwar nan ta bakin gada. Burodinta kamar dutse."

"Daina wannan magana."

"Ina son in koma gida, Lisandro. Ka gaya musu su yi aikinsu da kyau. Ban gama da lambuna ba."

Aikin ya ɗauki tun safe har rana ta karkata. Nolfa tana jan carbinta tana roƙon Budurwa Maryamu. Shi bai iya addu'a mai tsawo ba, sai ya zauna yana kallon takalmansa. Da Likita Ulloa ta fito, shatin hula a goshinta, ta ce Doña Ermelinda tana raye, tana numfashi da kanta. Ta ce jakar ta manne sosai, ba ta ɓantaruwa, dole suka yanke ta tare da wani babban yanki na hantar, suka cire maɗaciyar ma. Nolfa ta fashe da kuka ta tafi kiran mijinta.

Don Lisandro ya tsaya. "Likita, me kuka samu a ciki? Yaya kamarsa?"

"Kana son gani? Wasu ba sa iyawa."

"Ni mahauci ne tun ina yaro."

Ta ciro wayarta ta nuna masa hoto. Wata tasa ce ta ƙarfe. A ciki ga yankin hanta ja-baƙi, a jikinsa ga farar jaka a tsage, fatarta kamar dafaffen farin ƙwai, cike da 'yan ƙananan ƙwallaye masu ruwa kamar inibin da aka ɓare wa bawo.

Bai buƙaci bayani ba. Hannunsa ya san wannan abu, ya san taurinsa a bakin wuƙa, ya san yadda ruwan yake tsartuwa in an huda. Ya riƙe irinsa sau ba adadi a bayan rumfar aski. Bambancin kawai, wannan daga cikin Ermelinda aka ciro shi. Ba ruwan rijiya, ba gadon uwa. Likita ta kama gwiwar hannunsa ta zaunar da shi.

"Jakar ruwa ce," ya ce.

"Ita ce."

"Irin ta tumakina."

"Iri ɗaya ce."

"Ba ita take ba karnukan ba, likita."

"Na sani, Don Lisandro," ta ce a hankali. Ta zauna tare da shi kaɗan, sannan aka kira ta ta tafi.

Ermelinda ta farka da robobi a jiki, ɗaya a hanci, ɗaya tana fitowa ta gefen ciki tana ɗiga ruwa kore-kore cikin leda. Ya nemi izini ya riƙa zama da ita da rana. Mutumin da bai taɓa ɗauraye ƙoƙo ba ya koyi jiƙa auduga ya shafa mata a leɓe. Ya koyi tallafe ta ta zauna ba tare da ya ja robar ba. Gashinta ya cukurkuɗe, ya karɓi mataji wurin nas ya fara tsefe shi daga ƙasa, sili-sili, yadda ake warware ulun da ƙaya ta kama. Matar gadon kusa, wata 'yar kasuwa da aka cire wa duwatsun maɗaciya, ta ce, "Doña, ina kika samo wannan? In akwai ƙaninsa a ajiye min." Ermelinda ta ce, "Ki bari kawai, 'yar'uwa. Sai da aka yanke min hanta ya gano inda mataji yake."

Wata rana da azahar, 'yar kasuwar tana barci, ya tsaya da tsifar.

"Tsohuwa, na ga abin da suka ciro."

"To?"

"Ni ne. Kuma bayan na koma gida ma, na sake ba su."

Ta lumshe ido. Sannan ta ce, "Na sani. Ai na san wanda na aura." Hawaye ya gangaro ta gefen idonta ya shiga kunne. "Na ji haushinka, Lisandro. Da na farka na ji ciwon nan, na ce in na tashi sai na fasa maka kai da tukunya. Amma ba ni da ƙarfin ɗaga tukunya. Ci gaba da tsifar, ka bar rabi."

Ya ci gaba. Bai ja mata gashi ko sau ɗaya ba.

Ɗinki ya kame, amma ruwan koren nan ya daɗe bai tsaya ba. Aka sake zura tiyo ta baki. Bayan nan Likita Ulloa ta tara su ukun ta faɗi abin da ta gani. Inda jakar ta fashe ya warke da tabo, tabon ya matse hanyar maɗaciya ta zama siririya. Dole roba ta zauna a ciki, a riƙa canza ta bayan 'yan watanni, wataƙila na tsawon shekaru. In ta toshe zazzaɓi zai zo ba sallama, kuma a ranar ake son ta a asibiti, ba washegari ba.

"Daga gidanku zuwa nan fa?" ta tambaya.

"Yini guda, in hanya da kyau," in ji Nolfa. "Da hunturu kogi yakan hana fito, ƙanƙara ta rufe hanya mako biyu. Mama ba za ta koma can ba."

"Ke ba ki haife ni ba," in ji Ermelinda. "Likita, ina da kaji. Ina da lambu. A gidan nan na haihu, a nan na binne ɗa guda. In na ji zafi sai in zo."

"Ba za ki iso ba, Doña Ermelinda. Da zan iya ce miki e, da na ce."

Ermelinda ta juya ga mijinta, tana jiran ya yi abin da ya saba, ya ce to ya ji, su tattara kayansu su tafi. Ya san haka take so. Shi ma haka yake so, har cikin ƙashinsa. Ya daɗe yana kallon ledar da ke rataye a gefen gadon.

"Za ki zauna wurin Nolfa," ya ce.

Ta juya fuskarta bango. Ranar ba ta ƙara yi masa magana ba.

Ya koma kwari shi kaɗai. Ya sauko da ƙwayoyin daga bayan gwangwanin sukari, ya ga sun lalace, ya je wurin Rubén ya karɓi sababbi, ya ɗaure karnukan ya ɗura musu. Ya haƙa ramin, zurfinsa ya wuce tsayinsa, ya yi masa murfin katako. Duk ya yi, kuma duk ya zo a makare. Da safe ya jiƙa mate ya sha shi kaɗai, ba mai karɓar ƙoƙon. Kaji suka bi shi suna neman wadda ta san sunayensu. In ya hau dutse ya sami inda waya take kamawa ya kira, Nolfa ta ce Mama tana zaune bakin taga, ba ta cin abin kirki, ta daina tsokanar kowa.

"Ba ni ita."

"Tsoho," in ji muryar, siririya. "Ciyawa ta cinye lambun ko?"

"Ina cirewa."

"Nan ba a jin kogi. Motoci kawai."

Kafin dusar ƙanƙarar farko ta sauka ya sa wa doki sirdi ya tafi gidan Abdón.

"Compadre, ka zo ka kwashi garken."

Abdón ya ajiye gatarinsa. "Ka sha wani abu ne da safen nan?"

"Da dokin. Da karnukan, amma da sharaɗi. Ƙwaya a kan lokaci, kayan ciki a rami. In na ji ka jefa musu ko saifa, zan zo da ƙafa in karɓe su."

"Kai za ka zauna a birni? Kai da ko fitilar kan titi ba ka san wace ce ta tsayawa ba? Wata guda za ka yi ka bushe."

"Ita ma bushewa take yi. Gara mu bushe wuri ɗaya."

Abdón ya so ya ƙara wata tsokanar, ya dubi fuskarsa, ya fasa. Filin kuwa wani kamfanin dashen itatuwa ya saya, don ba matashin da ke son kiwo a bayan kogi yanzu. Ranar tafiya aka ɗaure karnukan a rumfar Abdón don kada su bi mota. Ukun suka yi ta haushi. Corbata bai yi ba, ya kwanta ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa yana kallo. Don Lisandro bai shafa kansa ba. Ya sa hannuwansa a aljihu ya shiga mota.

Ya iso gidan Nolfa da akwati ɗaya da buhun dankalin lambu. Ermelinda ta dube shi daga kujerarta, ta dubi akwatin.

"Kwana nawa za ka yi?"

"Na zo ke nan."

"Tumakin fa?"

"Suna wurin compadre."

Ta gane. Ta rufe bakinta da hannu, ta daɗe a haka. Sannan ta share ido da gefen mayafinta ta ce, "To cire takalman nan, Nolfa ta goge ƙasa. Kuma ka yi wanka, kana warin rago. Wa ya yanke maka gashi haka, Abdón da almakashin aski?" Daga kicin Nolfa ta ji uwarta ta dawo da tsokana, ta ƙara faranti a tebur.

Suna nan har yau a ɗakin baya na gidan surukinsu. Shi yake raka ta asibiti duk lokacin canza roba, ya riƙe mata jaka, ya tsaya a ƙofar da ba a wucewa. In goshinta ya ɗan yi ɗumi shi yake fara ji. Ta yafe masa, wannan tsakaninsu ne. Amma yafiya ba ta mayar da abin da ya tafi, kuma ni ba zan rage masa ko ɗaya ba.

Matarsa ta rasa babban yanki na hantarta da maɗaciyarta, tana yawo da roba a ciki, ba za ta ƙara kwana a gidan da ta haihu ba. Shi ya rasa garken da ubansa ya bar masa, da dokinsa, da filin da yanzu aka dasa wa itatuwan katako har bakin kabarin ɗansu. Ya rasa karnuka huɗun da ya ce don su yake yi. Corbata ya mutu a hunturun farko a rumfar wani, ba ya wurin. Namansa yanzu a leda yake sayo shi, yankan wani, a kanti.